Igiyar Azurfa Ƙarya Ce, Cajar Jabu Kuwa Kisa

Macuta biyu ne ke tsaye a kan hanyar duk wanda ya sayi ƙaramar amfilifayar hedifon, irin wadda ake jefawa a aljihu ko a ɗaure ta da roba a bayan waya. Na farko yana da shafi mai ƙyalƙyali a intanet, yana sayar da igiya wadda tsawonta bai wuce taƙi ba a kan kuɗin da ya fi na amfilifayar kanta. Na biyu yana da teburi a kasuwa, ya tara cajoji a cikin kwando, kowacce an manna mata sunan babban kamfani, kuma ya san sarai ba kamfanin ne ya yi ta ba. Na farko aljihunka yake nema. Na biyu ba ruwansa ko da ranka zai tafi. Abin da ke ƙona min rai shi ne mutane na gudun wannan su faɗa hannun wancan, alhali kayan kirki masu sauƙin kuɗi suna nan a kasuwar, ba wanda ke nuna musu su saboda ribarsu ba ta kai ta ƙarya ba.

Su wa ake cuta? Ba 'yan gayu kaɗai ba ne. Akwai yaron da ke haɗa sauti a wani ƙaramin ɗakin waƙa a Kano, akwai mai tace shirye-shirye a gidan rediyo, akwai mai naɗar karatun Alƙur'ani da ke son ya ji kowane harafi ya fita. Irin waɗannan su ke sayen manyan hedifon na aiki, kamar DT 770 Pro na Beyerdynamic mai om 250, ko HD 600 na Sennheiser mai om 300, waɗanda waya ba ta da ƙarfin tura su yadda ya kamata. Tun da Apple ya cire ramin iyafis daga iPhone 7 a 2016, sauran kamfanoni suka bi sahu, buƙatar waɗannan 'yan na'urori ta ƙaru. Mutum zai yi wata da watanni yana tari kafin ya sayi ɗaya ta FiiO ko ta Topping. Ranar da ta iso hannunsa sai ya ga da sauran aiki: yana buƙatar kan caja, da igiyar USB, da gajeriyar igiyar da ke kai sauti, wataƙila da fawabank tun da wutar NEPA ba abin dogaro ba ce. A kan waɗannan 'yan tarkacen ake yi masa yankan ƙauna.

Bari in fara da mai igiyar azurfa, don shi ne ya fi iya baki. Zai ce maka igiyarsa tana buɗe sauti, tana sa murya ta yi zaƙi, ganga ta yi nauyi, wai har tana da gaba da baya, in ka juya ta sautin zai lalace. Wasu ma za su ce sai ka bar ta tana aiki na awa ɗari kafin ta nuna. Ƙarya ce tsagwaronta. Gaskiya ne azurfa ta fi jan ƙarfe wuce da lantarki, amma bambancin bai wuce kashi 6 cikin 100 ba. Igiyar da ke haɗa waya da amfilifaya ba ta wuce santimita 10 zuwa 15, turjiyar da take yi wa lantarki ba ta kai om ɗaya ba, ƙofar amfilifayar da take shiga kuwa tana da dubban om. Ka rage kashi 6 daga abin da dama bai kai komai ba, me ya canza? Babu kunnen ɗan Adam da zai ji wannan. Igiyar USB kuma lambobi take ɗauka. In ta cika ƙa'ida lambobin za su isa yadda aka turo su. In ta lalace za ka ji sauti yana yankewa ko yana ƙas-ƙas, ba wai murya ta rage zaƙi ba.

An taɓa ƙure masu wannan da'awa a bainar jama'a. A 2007, James Randi, wanda ya yi suna a Amurka wajen tona asirin masu da'awar abin da ba su iya ba, ya sa dala miliyan ɗaya ga duk wanda zai iya bambance sautin wata igiyar lasifika ta kamfanin Pear, mai suna Anjou, da ake sayarwa dala 7,250, da na igiyar da ba ta kai ta kuɗi ba, muddin ba ya ganin wadda aka jona. Aka yi ta ja-in-ja, gwajin bai yiwu ba, ba wanda ya karɓi kuɗin. Amma har gobe ana sayar da irin waɗannan igiyoyi, kuma yanzu tatsuniyar ta iso wayoyin yaranmu ta bakin masu bidiyon tallar kaya, waɗanda ake aiko musu da kaya kyauta su zauna su lumshe ido su ce sun ji bambanci. Ban yarda da ko ɗayansu ba sai wanda ya bari wani ya sauya masa igiya a bayansa, ya faɗi wadda ke ciki sau goma a jere. Yaron da bai gama biyan kuɗin haya ba ya ɗauki kuɗin da ya kai rabin na amfilifayarsa ya zuba a igiya saboda maganar irin waɗannan mutane, wannan zalunci ne, ko da an yi shi da murmushi.

To sai mai kwandon cajoji ya ji wannan ya gyara zama, ya ce ai kun ji, igiya duk igiya ce. A'a, ba haka na ce ba. Igiya tana da abin da ake dubawa, sai dai ba abin da 'yan talla ke faɗa ba ne.

Kaurin silin da ke ciki shi ne na farko. Ana auna shi da lamba, kuma duk yadda lambar ta ƙaru silin ya ƙara sirancewa. Sili mai lamba 28, wanda ake cusawa a igiyoyin banza, yana da turjiyar kusan om 0.2 a kowace mita. In igiyar mita biyu ce, wuta za ta je ta dawo, mita huɗu ke nan. Ka ja amfiya ɗaya ta cikinta, kusan bolt ɗaya daga cikin biyar ɗin da caja ta bayar ya salwanta a hanya, ya zama zafi. Shi ya sa za ka kwana kana caji ka tashi batir bai cika ba, ka ɗora laifin a kan amfilifaya. Igiyar kirki tana da sili mai lamba 24 ko wanda ya fi shi kauri a layin wuta, kuma gajeriya ta fi doguwa kullum. Mafi muni, da yawa daga igiyoyin da ke kasuwa ba jan ƙarfe ba ne a cikinsu. Alminiyam ne aka shafa masa jan ƙarfe a sama, wanda ba ya wuce da wuta sai kamar kashi 60 cikin 100 na abin da jan ƙarfe ke wucewa da shi, ga saurin karyewa. Wasu ma baƙin ƙarfe ne. Ka fere wata tsohuwar igiya da ta mutu ka kara mata mayen ƙarfe. In silin ya manne, an cuce ka tun ranar da ka saya, domin jan ƙarfe ba ya bin mayen ƙarfe.

Sai wuyan igiyar, inda take shiga kan da ake sokawa. A nan kusan kowace igiya ke mutuwa, musamman wadda ke rayuwa a aljihu. Ka lanƙwasa wurin a hannunka kafin ka biya. In akwai roba mai kauri da ke riƙe shi, madalla. Kai mai kwana, wanda ya lanƙwashe gefe, ya fi miƙaƙƙe daɗewa a aljihu. Ruwan zinaren da ake shafa wa baki yana hana tsatsa, iyakar aikinsa ke nan, kuma ko igiya mai araha tana da shi. A wajenmu ma ƙurar hunturu ta fi tsatsa ɓarna: in sauti ya fara ƙara idan ka juya kan igiya, ka fara share ramin kafin ka tafi sayen sabuwa.

Igiyar USB-C tana da nata tarkon. Ƙa'idarta ta tanadi cewa wadda ɗaya bakinta tsohon USB ne babba, sai an saka mata wani ɗan abin rage wuta mai om 56,000, don kada na'ura ta ja wutar da ta fi ƙarfin abin da aka jona ta. Masu son ribar banza suna saka wanda bai dace ba. Wani injiniyan Google, Benson Leung, ya ɗauki wa kansa aikin sayen irin waɗannan igiyoyi yana gwadawa tun daga 2015, har a farkon 2016 wata da aka juya mata layin wuta ta ƙona masa kwamfuta. A watan Maris na shekarar Amazon ya haramta sayar da igiyoyin USB-C da ba su cika ƙa'ida ba. Can an samu wanda ya tsaya har aka gyara. Nan wa ya tsaya mana? Akwai kuma igiyar da caji kawai take yi, babu layin da ke ɗaukar bayanai a cikinta sam. Ka jona ta tsakanin waya da amfilifaya mai karɓar sauti ta USB, shiru, sai ka ɗauka na'urar ce ta mutu. Mai shago ya san wannan, ba zai faɗa maka ba. Haka nan mai amfilifayar da ke da rami na milimita 4.4 ko 2.5, wanda ake kira balans, kada ya kuskura ya sayi ɗan mahaɗin da zai mayar da wannan rami ya karɓi hedifon na yau da kullum mai milimita 3.5. Irin wannan mahaɗi yana gama layuka biyu da bai kamata su haɗu ba, yana iya ƙona amfilifayar. Ana sayar da shi, ba tare da ko kalmar gargaɗi ɗaya a jikin leda ba.

Duk wannan asarar kuɗi ce. Inda maganar ta koma ta rai shi ne kan caja.

Na tsaya a gaban teburin wani mai gyaran waya ya fasa min guda biyu, ta gaske da ta jabu, ya ajiye su gefe da gefe a kan tsumma. A waje ba ka bambance su, har rubutun iri ɗaya ne. A ciki, ta gasken a cike take tam, an yanka rami a jikin allon don a raba ɓangaren da wutar bango ke shiga da ɓangaren da ke fita zuwa waya, an naɗe 'yar taransifomar da tef mai ruwan ɗorawa, ga fis. Ta jabun kuwa rabinta iska ce. Allo ɗan mitsitsi, dalma a zube ko'ina, babu fis, an liƙa wani guntun ƙarfe a jikin murfin don ta yi nauyi a hannu. Ya sa bakin allura ya nuna min tazarar da ke tsakanin layin babbar wuta da layin da ke zuwa igiya. Da ƙyar allurar ta shiga. Ya ce, "Malam, wannan ɗan wurin shi ne tsakanin mutum da lahira." Wutar gidajenmu bolt 230 ce, in ta shiga caja aka miƙar da ita tana haura bolt 300. Ƙura da ɗan gumi ko laimar damina sun isa su cike wannan tazara, wutar ta tsallaka.

Ka tuna mene ne hedifon: igiya ce da ke tafiya kai tsaye zuwa kanka. A 2014, a jihar New South Wales ta Ostireliya, an tsinci gawar wata mata da iyafis a kunnuwanta, da ƙuna a kunnuwan da ƙirjinta, hukumomin jihar suka ce wata cajar USB mai araha wadda ba ta da shaidar inganci ce sanadi. A 2016 kamfanin gwajin kayan lantarki na Amurka, UL, ya sayi cajojin Apple na jabu guda 400 ya gwada. Uku kacal suka tsallake gwajin kariya daga wutar bango. Uku cikin ɗari huɗu. Waɗannan kayan su ne ke cike da kwandunan kasuwanninmu, su ne a gefen katifar ɗalibai, su ne yara ke wasa da igiyarsu a tsakar ɗaki. Ina so wanda ke shigo da su kwantena-kwantena ya gaya min da wane ido yake kallon kuɗin da yake kai wa iyalinsa.

Kuma ko ba ta kashe ka ba, cajar jabu tana ɓata abin da ka sayi amfilifayar dominsa. Wutar da take fitarwa ba tatacciya ba ce, za ka ji tsiii ko guuu a ƙarƙashin sauti, musamman da ƙananan iyafis masu saurin ji. Wannan ne kaɗai wurin da kayan wuta ke taɓa sauti da gaske, kuma maganinsa ba igiyar azurfa ba ne. Maganinsa kyauta ne: ka cire caja ka saurara da batir. Ai don haka aka saka mata batir. Wanda ke aiki da janareto ko tsohuwar inbata ya fi kowa buƙatar ya riƙe wannan, ya yi caji in ya ajiye hedifon, ya saurara in ya zare fulogi.

Abin takaicin shi ne yawancin mutane ba sa ma buƙatar sayen sabuwar caja. Wadda ta zo a kwalin wayarka, in ta asali ce, ta wadatar. Ƙananan amfilifayoyin nan bolt 5 suke ci, kuma ba su cika jan abin da ya wuce amfiya ɗaya ba. Kada wani ya tsorata ka cewa caja mai amfiya 2 ko 3 za ta ƙona ta. Na'ura tana jan abin da take buƙata ne kawai. Cajojin kirki masu saurin caji ma da bolt 5 suke farawa, ba sa ƙarawa sai na'urar ta nema. In ka ga amfilifayarka ta ƙi caji da igiya mai USB-C baki biyu, sau da yawa masu ƙera ta ne suka yi rowar wasu 'yan abubuwa biyu masu om 5,100 a ramin cajinta. Ka gwada igiya mai tsohon baki a ɗaya gefen, za ta ɗauka. Inda ake taka-tsantsan sosai shi ne amfilifaya mai zagayayyen rami irin na rediyo. Nan dole bolt ya zo daidai, dole ka duba zanen da ke nuna ko tsakiyar ramin ce mai alamar tarawa ko gefensa, domin adaftar kayan jita da yawa a juye take. Wata ma, kamar O2 da aka fitar da tsarinta a 2011, adaftar AC take so ba ta DC ba. "Ai bakin ya shiga" ba hujja ba ce. Ka karanta abin da aka rubuta a jikin na'urar, ka karanta na jikin adaftar.

Fawabank kuwa, nan ƙarya ta yi gida ta haihu. Na ga wanda aka buɗe: batir huɗu a jere, ɗaya ne kawai aka jona wa sili, sauran ukun da aka ɓare bakinsu yashi ne ya zubo. A jikinsa an rubuta 50,000mAh da manyan baƙaƙe. Lissafin ba wuya. Batirin da aka fi sakawa, mai lamba 18650, mafi kyawunsa yana ɗaukar kusan 3,500, nauyinsa kusan giram 45 zuwa 50. Kafin a kai 50,000 sai an jera kamar guda 14, kusan giram 700 ke nan tun ba a sa murfi ba. Duk wanda ya miƙo maka abu shafal ya ce 50,000 ne, maƙaryaci ne. Ko na gaskiya mai 10,000, an auna shi ne a kan bolt 3.7 na batirin ciki. In aka ɗaga wutar zuwa bolt 5, aka cire abin da ke tafiya a zafi, abin da zai iso gare ka bai cika wuce 6,000 zuwa 6,500 ba. Kamfanonin kirki suna rubuta wannan adadi na biyu da ƙananan baƙaƙe a baya. Ka neme shi, rashinsa alama ce. Mai 10,000 na gaskiya, mai nauyin kusan giram 200, zai cika ƙaramar amfilifaya sau da yawa, ba ka buƙatar wanda ya fi haka. Abu ɗaya za ka tambaya: wasu suna kashe kansu in abin da aka jona ba ya jan wuta sosai, sai ka nemi mai tsarin ƙaramar wuta, wanda galibi ake kunnawa da danna maɓalli sau biyu. Kuma kada a bar shi a cikin mota da rana. Zafin Afrilu a Kano yana haura digiri 40 a inuwa, batirin litiyam ba ya jure abin da ke cikin rufaffiyar mota. In ya kumbura, ya gama aiki, kada a sake jona shi.

Za a ce min talauci ne, wai mutane ba su da kuɗin orijina. Ban karɓi wannan uzuri ba. Araha daban, jabu daban. Akwai kamfanonin da ke sa sunansu na gaskiya a jikin kayansu, irin su Anker da Ugreen da Oraimo, kuma bambancin kuɗin igiyarsu da ta jabu bai kai abin da mutum zai kashe yana sauya ta jabu duk bayan 'yan makonni ba, balle in ta tafi masa da amfilifaya. Su ma ana buga jabunsu, shi ya sa inda ka saya ya fi sunan da ke kan kwali muhimmanci. Za a kuma ce laifin China ne. Chinar da ta yi cajar banza ita ta yi FiiO, ita ta yi Anker. Masana'anta tana yin abin da aka biya ta ta yi. Ɗan kasuwar da ya je ya zaɓi mafi arha, ya ce a buga masa sunan wani a kai, namu ne, muna sallah sahu ɗaya da shi. Shi nake tuhuma kafin kowa.

Sai mai shago, wanda za ka tambaye shi tsakaninsa da Allah ya ce, "Wallahi Alhaji orijina ce, ni ma ita nake amfani da ita," ya karɓi kuɗi, gobe ka dawo ya nuna maka takardar da ya manna a bango cewa ba a mayar da kaya. Rantsuwa da sunan Allah a kan igiyar caji! Kuma ƙasar nan tana da hukumar kula da ingancin kaya, SON, tana da tsarin SONCAP da ya wajabta a tantance kayan lantarki kafin su shigo, tana da hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC. Doka ba ta yi ƙaranci ba. To ta wace ƙofa fawabank mai yashi ke shigowa har ya iso teburin bakin titi a Kano da Kaduna da Sakkwato? Ba a ɓoye ake sayar da su ba, a fili ne, da rana tsaka.

Ga abin da nake nema daga shugabannin kasuwannin waya, tun da su ne kusa da mu. Akwai wata 'yar na'ura da ake sokawa tsakanin caja da igiya, tana nuna bolt da amfiya da adadin wutar da ta wuce, kuɗinta bai fi na caja ɗaya ta kirki ba. Ba za ta nuna tazarar da ke cikin allo ba, amma za ta kama igiyar da ke shanye wuta da cajar da ba ta ba da abin da aka rubuta a jikinta. A wajabta wa kowane mai teburi ya ajiye ta, ya gwada kaya a gaban mai saye, ya ba da rasit mai sunan shago da kwanan wata, ya karɓi kayansa in sun mutu cikin mako biyu. Wanda aka kama da fawabank mai yashi ko cajar da ba ta da fis, ƙungiya ta rufe masa teburi ta miƙa shi ga hukuma, shi kuma ya faɗi sunan dilan da ya ba shi.